"Tsatsar sama ce kawai, Alhaji"

Duk wanda yake zaune a Legas kuma yana da 'yan uwa a gida ya san wannan wayar. Za a kira ka da daddare daga Kano ko Funtuwa ko Gusau, bayan an gaisa an tambayi iyali sai kaji ance "dama wata mota na gani a waya, ance tana nan wajenku, dan Allah ka leƙa min ita". Ni a Agege nake, ba dillali bane ni kuma ba bakanike ba, amma yawan aiken nan yasa na zaga filayen motoci na Berger da na gefen titin Apapa zuwa Oshodi har ƙafata ta san hanya, na kuma kwanta a ƙarƙashin motocin mutane fiye da yadda na taɓa kwanciya a ƙarƙashin tawa. A duk maganganun da masu sayarwa keyi babu wadda take ɗaure min kai kamar ta tsatsa, domin ita ce maganar da mutum zai faɗa maka bai yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba amma kuma ya cuce ka.

Bara Baffana ya aiko ni in duba masa wata Sienna ta 2006, yana so ya riƙa ɗaukar iyali da ita in ta kama kuma a sa ta haya. A hoto motar nan kamar ka lashe. Dillalin ɗan gida ne, da Hausa mukayi magana tun daga waya, yace min "Alhaji fes bodi ce, ko kwarzane babu, wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, mai kawai za ka zuba ka kama hanyar Kano". Wannan tsohuwar ta Amurka dai, Allah ya ja kwananta, rabin motocin Legas ita ta hau su. Da naje na durƙusa na haska tocilar waya ta bayan tayar baya sai naga ƙarfen ya yi ja yana ɓarewa kamar ɓawon bishiya, na nuna masa, ko a jikinsa, yace "haba Alhaji, tsatsar sama ce kawai, iskar teku ce ta buge ta a jirgi, mai fenti zai goge maka ita da sanfefa cikin minti goma".

Toh a nan matsalar take. Akwai tsatsar sama da gaske, ba ƙirƙirar dillalai bace. Ka wanke mota da yamma ka ajiye, da safe za ka ga faifan birki ya yi ja, kana taka birki sau uku ya goge. Salansa ma haka, da kan kusoshi, da ƙarafunan nan masu kauri da tayoyi ke maƙale a jiki, duk suna yin ja-ja kuma su shekara goma a haka babu abin da ya same su. Saboda haka in mai mota yace maka tsatsar sama ce zai iya zama gaskiyarsa. Sai dai kalmar ba ta da ma'auni. Babu sikeli, babu mudu. Jan da ke kan faifan birki sunansa tsatsar sama, ramin da zai ɗauki yatsanka ma in dai ba ka tura yatsan ba sunansa tsatsar sama.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne tsatsa mai kashe mota daga ciki take fitowa, ba daga waje take shiga ba. Jikin mota ba falle ɗaya bane, akwai wurare da yawa da aka naɗe ƙarfe aka yi shi kamar bututu mai kusurwa huɗu, irin dogon dokin nan da ke ƙasan ƙofofi inda ake kafa jak, da cikin ƙofofin kansu, da bakin madigadi inda aka haɗa falle biyu aka ɗinke da walda. Ruwa da laka suna shiga waɗannan wuraren, kamfani ya bar ƙananan huji don ruwan ya tsiyaye, in hujin ya toshe da datti ruwan sai ya kwanta, ga iska ga danshi, ƙarfe ya fara ci daga bayan da ido ba ya gani. Ita tsatsa kuma tafi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, kumbura takeyi, shi yasa take tura fenti ya yi ƙuraje. Wato ranar da kaga ɗan ƙurji a fentin ƙasan ƙofa, kada ka ɗauka farkon ciwon ne, ƙarshensa ne, ta riga ta huda ƙarfen ta iso waje. Mai sayarwa zai ce maka "ɗan tabo ne kamar ƙwayar gero", kuma eh, abin da ya fito fili kamar ƙwayar gero yake, na ciki ne kamar tafin hannu.

Maganar iskar teku a jirgi kuwa, ita ce tatsuniyar da aka fi yi min. Mota 'yan makonni take yi a ruwa daga Amurka ko Turai zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, kuma ko dai tana cikin kwantena ko tana cikin cikin jirgin nan da ake tuƙa motoci a shiga da su. Makonni ba sa cinye ƙarfe mai kauri har ya riƙa zuba. Wannan aikin shekaru ne, kuma mai aikin gishiri ne. A arewacin Amurka da Kanada, in dusar ƙanƙara ta sauka, hukuma tana bi da manyan motoci tana watsa gishiri a titi don ƙanƙarar ta narke, wani wurin ma har da wasu sinadaran danginsa na kalsiyam da magniziyam masu janyo danshi su manne a jikin ƙarfe. Taya ta kwaso wannan ruwan gishirin ta fesa shi a ƙarƙashin mota wata huɗu ko biyar duk shekara. Gishiri ba shi yake cin ƙarfe da kansa ba, hanya yake buɗewa, ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi kuma ita tsatsa asalinta musayar lantarki ce tsakanin ƙarfe da iska ta cikin ruwa, sai abin da zai ɗauki shekara ashirin ya faru a bakwai. Shi yasa Camry biyu, shekara ɗaya, kala ɗaya, ɗaya ta zauna a Mishigan ko Ohayo ko Niyok ko Ontariyo, ɗaya ta zauna a Arizona ko Nebada, daga sama tagwaye ne amma daga ƙasa ɗaya budurwa ɗaya kaka. 'Yan Beljiyam, wato motocin tokumbo na Turai, su ma ba su tsira ba, Jamus da Holan da ita Beljiyam ɗin duk suna watsa gishiri.

Kuma kada wani yace min ai Toyota ce ba ta tsatsa, domin mu a nan mun ɗauki Toyota kamar waliyyiya. A 2010 kamfanin da kansa ya yi kira a dawo masa da Sienna kusan 600,000 don a gyara, na shekarun 1998 zuwa 2010, a jihohin sanyi na Amurka, saboda gishiri yana cinye wayar ƙarfen da ke riƙe safaya a ƙarƙashin motar har tayar tana iya faɗowa a kan titi. A 2016 kuma suka amince da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 a kan motoci kusan miliyan 1.5, Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda shasinsu yana ruɓewa. Nissan ma a 2011 ta kira Pathfinder na 1996 zuwa 2004 saboda wurin da shokozoba ta gaba take zama yana cinyewa. Waɗannan motocin da tsararrakinsu ina kuke zaton suka ƙare? Je ka filayen motocin Mile 2 ka duba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne asalin maganar. Tambayar "tsatsar tana da yawa?" tambaya ce mara amfani, ita ce ma dillali yake so ka yi, domin amsarta ra'ayi ce. Tambayar ita ce a ina take. Motoci irinsu Corolla da Camry da Accord da Sienna da Highlander ba su da shasi daban, jikin ne shasin, falle-fallen nan da aka haɗa su ne ƙashin bayan motar. In dokin ƙasan ƙofa ya ruɓe, ko wurin zaman shokozoba, ko ƙarfen da injin da ƙafafun gaba ke zaune a kai, ko inda aka ɗaure bel na kujera a daɓen mota, to ƙashi ne ya ruɓe ba fata ba. Irinsu Hilux da Prado da 4Runner su kuma jikin a kan shasi aka ɗora shi, sai kaga jiki tas-tas amma shasin yana zubar da gari in ka ƙwanƙwasa. Rami a bonet ko a murfin but, komai muninsa, kuɗi ne kawai, ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ka sayi wani ka ɗaura. Amma 'yar tsatsar da ba ta kai faɗin kwabo ba a kan siririn bututun man birki, wanda shi ma ƙarfe ne kuma a ƙasa yake bi, ita ce za ta jira ranar da tirela ta tsaya a gabanka a gangaren Otedola ka danna birki da ƙarfi, bututun ya fashe, ƙafarka ta tafi ƙasa. A Ingila in aka kai mota gwajin shekara-shekara, tsatsar da ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure birki ko sitiyari ko ƙafafun mota ko bel, faɗuwa ce kai tsaye. Su sun ba abin ma'auni, kuma wani ɓangare na motocin da suka gagari masu su a gwaji irin wannan a Turai, gyaran yafi kuɗin motar, su ne ake lodawa a jirgi.

Sauran kalmomin ma haka suke, kowacce gaskiya ce a inda aka ajiye ta. Fes bodi tana nufin fentin kamfani ne ba a sake ba, toh gishiri ai ba rufin mota yake bugu ba. "Ba ta taɓa hatsari ba", ƙila gaskiya ne, tsatsa ba hatsari bace. "Takardarta ta Amurka mai tsabta ce", wannan yana nufin inshora ba ta yanke mata hukuncin ta tashi aiki ba, bai ce komai a kan ƙarfenta ba. Wadda tafi ban tsoro ita ce "mun ma yi mata kwalta a ƙasa saboda ruwan Legas". In ka leƙa ƙarƙashin motar da ta shekara goma sha biyar ka ganta baƙi wuluk tana sheƙi kamar jiya aka ƙera ta, har kan kusoshi da robobi da salansa duk an bi da baƙi, ka tambayi kanka wane ɗan kasuwa ne zai kashe kuɗinsa yayi wa motar da zai sayar ado a inda ba a gani. Kwalta a kan ƙarfe mai lafiya kariya ce, a kan tsatsa kuwa bargo ne, tana rufe danshin a ciki abin ya ci gaba da ci a ɓoye. Wasu ma baƙin mai suke fesawa ƙura ta bi ta kwanta, sai ya zama kamar tsohon datti.

Sai aikin fila. Masu gyaran jiki na Legas, a basu haƙƙinsu, gwanaye ne, mutum zai cusa raga ko guntun langa-langa a rami, ya shafe da fila, ya goge, ya fesa fenti, wallahi sai ka rantse daga kamfani ta fito. Wata shida, damina ɗaya, wurin ya tsage. Ni ɗan maganaɗisu nake yawo da shi a aljihu, na cikin tsohuwar sifika, in naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, in bi ƙasan ƙofofi da bakin madigadi, inda ya ƙi kamawa ko ya kama da sanyi-sanyi akwai magana. Sai dai a kula, bamba roba ce, wasu motocin kuma bonet ɗinsu alminiyam ne, kada kaje ka yi wa mutum sharri. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti da wasu masu duba mota suke riƙewa yanzu, fentin kamfani galibi tsakanin maikiron 100 ne zuwa 200 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), in ta nuna maka 1,000 ka san ba fenti kake aunawa ba.

Zan yi wa dillalai adalci a nan, domin ba dukkansu ne suka san abin da suke sayarwa ba. Ka duba hannun da mota take bi. Wani ya saye ta a gwanjon Copart ko IAA ta intanet, daga hotuna, hotunan kuma yawanci gaba ne da baya da gefe da cikin mota da injin, shi kansa cinikin biri a sama yayi. Ta sauka a tasha, mai fitar da kaya daga kwastan ya fito da ita, aka wuce da ita wajen mai gyaran jiki, shi ne mutum ɗaya da ya ga gaskiyar motar da idonsa kuma shi ba a tambayarsa komai, an biya shi ne ya rufe. Daga nan fili, daga fili yaron da ya ɗauki hoto ya sa a Jiji ko Facebook, daga nan dillali na farko, na biyu, na uku wanda shi ne ɗan garinku da yake ce maka "ai ni ba zan cuce ka ba". A kowane hannu labarin yana rage nauyi. Mai gyara yace "ƙasan ta ci sosai", mai fili yace "akwai 'yar tsatsa", dillali yace "tsatsar sama ce", kafin ta iso kunnen Baffa a Kano ta zama "ko ɗigo babu". Na ƙarshen bai taɓa durƙusawa ba, la'adarsa yake jira, shaddarsa ma ba ta durƙuso bace. Amma rashin sani ba ya wanke wanda ya rantse a kan abin da bai duba ba. Wanda kuma ya sani ya shafe da kwalta, ai hadisin nan da Muslim ya ruwaito kamar a kansa aka yi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa yaji danshi a ƙasa, mai kayan yace ruwan sama ne ya taɓa shi, aka ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani. Har uzurin iri ɗaya ne, wancan yace ruwan sama, namu yace iskar teku.

Mu 'yan arewa kuma muna da wani rauni na musamman a wannan harkar, ba mu tashi da tsatsa ba. A Kano ko Sakkwato mota injin ne yake kashe ta, ko giya, ko rana ta ƙone fenti ta fasa dashbod, amma za ka ga tsohuwar Fijo 504 ta Kaduna tana nan da ƙarfenta garau. Shi yasa in Bahaushe yazo sayen mota kunnensa yake kawowa, a tayar yaji ƙarar injin, a zaro sandar mai ya duba, a kunna esi, ya leƙa salansa ko tana hayaƙi, shikenan "motar nan lafiya lau". Bakaniken da zai taho da shi ma na injin ne. Wanda ya girma a Legas kuwa tun yana yaro yake hango kwalta tana gudu ta ramin daɓen motar haya ta danfo a ƙarƙashin ƙafarsa, ya san ƙarfe yana mutuwa.

Don ita Legas ɗin ma tana da nata, ba sai an shigo da shi daga Kanada ba. Ga danshi shekara zagaye, ga iskar gishiri ga duk wanda ke kusa da teku ko lagun, ga ambaliyar Yuni da Yuli da motocin Lekki da Ajah suke iyo a ciki. Tsatsar Legas salonta daban, daga cikin ɗaki take farawa. Ruwa ya shiga ƙarƙashin kafet, soson da ke ƙasa ya sha ya riƙe, mai mota ya shanya saman ya fesa turare, daɓen yana jiƙe wata da watanni. Saboda haka in ance maka "ta gida ce, mace ce take zuwa ofis da ita a Ikoyi", ɗaga kafet, ciro safaya ka duba rijiyar but, leƙa ƙarafunan da kujera ke gudu a kai, ka ja bel har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Kusoshin ƙarƙashin kujera ba su da dalilin yin ja in ba ruwa ya kwana a wurin ba. Haka za ka kama tokumbon da ambaliya ta ci a can, irin na guguwar Sandy ta 2012 a Niyok ko Harvey ta 2017 a Hustan, da aka yi gwanjonsu da yawa.

Ta ɓangaren hukuma akwai doka, dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana yaudara a bayanin kaya, akwai hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, jihar Legas ma tana da tata, LASCOPA. Amma ka kai ƙara kace me? Rasit ɗin da aka baka lambar shasi ce da lambar injin da kuɗi, "tsatsar sama ce" a iska aka faɗe ta. Gwajin kwamfuta da jihar take yi kafin ta bada takardar lafiyar mota shi kuma sai bayan ka biya motar ta zama taka. Shi yasa ni yanzu abu biyu nake nema tun a waya kafin in ƙona mai zuwa Apapa: lambar VIN, wato lambar shasi, mai harafi da lamba 17, in biya a ciro min rahoton tarihin motar na kamfanin Carfax in ga jihohin da motar ta zauna, sai kuma izinin a kai ta inda za a ɗaga ta ko a hau rami da ita. In mutum yace motarsa ba ta fita daga fili sai an biya, na gode, Allah ya kawo kasuwa. In ya yarda, sukundireba ce alƙali, ka ƙwanƙwasa ƙarfe mai lafiya zai amsa maka da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai kaji shi dum kamar kwali, in ka danna ya lotsa.

Ita Siennar Baffa mun kai ta ramin wani mai wankin mota a kusa, da ƙyar mai filin ya yarda. Sukundirebar ta shige dokin ƙasan ƙofar dama har mariƙi, ba tare da na sa ƙarfi ba, garin tsatsa ya zubo min a fuska. Dillalin yayi shiru sannan yace "Alhaji wallahi ban sani ba", kuma na yarda da shi. Abin da ya biyo baya ne ya bani dariya, yace "amma ai Kano za ta, can babu ruwa, tsayawa za ta yi". Na kira Baffa na faɗa masa, shi ma abin da ya fara cewa kenan, "toh ɗana ai nan rani ne wata takwas". Nace Baffa gaskiya ne bushewa tana rage mata gudu, amma ƙarfen da ya tafi ya tafi, kuma motar nan mutum takwas za ta ɗauka da buhuna a but ta bi ramukan hanya a haka. Yace a bar ta.

Bayan kamar sati uku na sake ganinta a waya, lambar VIN ɗin ce ta tona, an ƙara mata kuɗi, ƙarƙashinta baƙi wuluk.